Yanar Kabon Mai Ƙwayoyin Ƙarfe: Yadda Ake Gina Ta da Amfaninta a Gari Irin Tamanrasat

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan wani fanni na kimiyyar sarrafa kayayyaki, wato yadda masana ke shimfiɗa siririn shafe na kabon a kan ƙarfe ko gilashi, su kuma dasa wasu mitsi-mitsin ƙwayoyin ƙarfe a cikinsa. Manufar takardar iri biyu ce. Ta farko, ɗalibi ya fahimci abin da ake yi da kuma dalilin yin sa. Ta biyu, ya ga yadda za a iya ɗora wa Hausa nauyin bayanin kimiyya ba tare da an cika ta da baƙin kalmomi ba. Domin kada bayanin ya zauna a iska, an ɗaure shi da garin Tamanrasat da ke kudancin Aljeriya, inda rana ke da ƙarfi ƙwarai, ga kuma sanyin dare da ƙarancin itace. Tambayar da za mu riƙe har ƙarshe ita ce: yaya shafen da bai kai kaurin gashi ba zai taimaka wa mai neman ruwan zafi a tsakiyar Sahara?

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Yana

Bahaushe na kiran fatar da ke taruwa a saman kunu ko madara idan sun huce da suna "yana". Ita ce kuma kalmar da ke cikin "yanar ido" da "yanar gizo". A dukkan waɗannan wurare ana nufin abu marar kauri wanda ya rufe ko ya shimfiɗu. Don haka muka zaɓe ta a madadin "shafe" ko "fenti", domin fenti yana da kauri, kuma da buroshi ake shafa shi. Ɗalibi ya lura cewa wasalin farko na wannan kalma dogo ne, saɓanin na "yana" da ke cikin "yana tafiya", ko da yake rubutun yau da kullum bai bambanta su ba.

2.2 Kabon

Kabon shi ne sinadarin da ya fi yawa a cikin gawayi da kunkunniya da baƙin tukunya. Shi ne kuma ke cikin bakin fensir, inda ake kiran sa girafait, da kuma cikin daimon. Abin da ya raba waɗannan shi ne yadda ƙwayoyin zarra na kabon suka riƙe juna. A cikin daimon kowace zarra tana riƙe da maƙwabta huɗu ta kowace fuska, shi ya sa ya yi tauri ƙwarai. A cikin girafait kuwa kowace tana riƙe da uku ne a shimfiɗe, falle bisa falle, kuma fallayen suna zamewa a kan juna, shi ya sa fensir ke rubutu. Yanar da muke magana a kai ta haɗa riƙon huɗu da riƙon uku a cakuɗe, ba tare da tsararren jeri ba. Idan riƙon huɗu ya yi yawa, sai a kira ta "kabon mai kama da daimon".

2.3 Nanomita

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne daga cikin kashi biliyan ɗaya na mita. Hankali ba ya saurin kama wannan ƙanƙanta, sai da kwatance. Daga birnin Aljas zuwa Tamanrasat tafiya ce ta kusan kilomita 2,000. A ce an ja mita ɗaya ta miƙe har ta cike wannan tazara. A wannan ma'auni, nanomita ɗaya za ta zama milimita 2, wato kamar ƙwayar gero. Yana mai kaurin nanomita 100 za ta kai santimita 20, kimanin ɗani ɗaya ke nan. Shi kuwa silin gashin mutum, mai kaurin kusan nanomita 80,000, zai kai mita 160. Ƙwayoyin ƙarfen da ake dasawa galibi ba su wuce nanomita 2 zuwa 20 ba. Kwatancin da ya fi kusa da tsarinsu shi ne tsakuwa a cikin kwalta: kabon ne kwaltar, ƙarfe ne tsakuwar.

3.0 Tamanrasat da Ranarta

Tamanrasat babban gari ne na yankin duwatsun Ahaggar, ƙasar Abzinawa. Yana bisa tudu mai tsawon fiye da mita 1,300 daga doron teku, a kan babbar hanyar da ta ratsa Sahara daga Aljas, ta bi ta In Gezzam da Arlit da Agadas da Damagaram, ta shiga Kano. Saboda wannan hanya da tsohon fatauci, akan ji Hausa a kasuwanninsa tare da Larabci da Tamashek. Ruwan samansa na shekara bai cika wuce milimita 50 ba, har ta kai a 2011 aka ƙaddamar da bututun da ke kawo masa ruwa daga In Salah, tazarar kimanin kilomita 750.

Abin da garin ke da shi a wadace shi ne rana, domin yakan sami fiye da awa 3,000 na haskenta a shekara. Tun daga 2000 tashar hukumar yanayi ta Aljeriya da ke garin tana cikin jerin tashoshin duniya masu auna ƙarfin hasken rana, kuma a kan dutsen Asekrem, mai tsawon kusan mita 2,700, akwai wata tashar mai lura da iskar sararin sama. A 2015 an buɗe tashar lantarki ta hasken rana mai ƙarfin megawat 13 a garin. Sai dai tudun da ya ba shi sararin sama garau shi ne ke jawo masa sanyi. Da hunturu ma'aunin zafi kan sauka kusa da sifiri da dare, a kan duwatsu ma ruwa kan daskare. Ke nan akwai bukatar zafi, kuma ga zafin yana zuba daga sama kyauta. Matsalar ita ce yadda za a kama shi a riƙe.

4.0 Taƙaitaccen Tarihi

Dasa ƙwayoyin ƙarfe a cikin siririyar yana ya girmi kimiyyar zamani. Tun a ƙarni na 9, magina tukwane na Iraƙi a zamanin Abbasiyawa sun iya wani ado mai ƙyalli kamar zinariya. Sukan kwaɓa sinadaran azurfa da jan ƙarfe da jar ƙasa, su zana a kan tangaran ɗin da aka riga aka gasa, su sake gasa shi a cikin matoya mai hayaƙi. Hayaƙin yakan ƙwace iskar oksijin daga sinadaran, sai azurfa da jan ƙarfe su taru ƙwaya-ƙwaya a cikin fatar gilashin da ke saman tangaran. Falankin da aka ƙawata mihrabin babban masallacin Ƙairawan da su a wajajen 862 irin wannan aiki ne, kuma an tono gutsattsarin irinsa a kufan Ƙal'ar Bani Hammad da ke Aljeriya, birnin da aka kafa a 1007. Sai a zamaninmu madubin lantarki ya nuna cewa ƙyallin nan daga ƙwayoyi masu girman nanomita yake fitowa. Bambancin kawai shi ne a nan gilashi ne ya riƙe ƙwayoyin, ba kabon ba.

A ɓangaren kimiyyar zamani kuwa, William Grove na Ingila ya lura a 1852 cewa wutar lantarki a cikin kwalbar da aka rage wa iska tana ɓanɓaro ƙarfe daga wuri guda ta liƙa shi a wani. A 1857 Michael Faraday ya bayyana cewa zinariya idan ta yi ƙanƙanta ainun a cikin ruwa, ja take zama. A 1971 Sol Aisenberg da Ronald Chabot na Amurka suka ba da rahoton yanar kabon mai kama da daimon. A shekarun 1980 kuma Heinz Dimigen da abokan aikinsa a ɗakin binciken kamfanin Philips da ke Hambug a Jamus suka nuna amfanin cakuɗa ƙarfe a cikin irin wannan yana.

5.0 Me Ya Sa Ake Dasa Ƙarfe?

Yanar kabon zalla tana da tauri da santsi, amma tana da aibi babba. A lokacin da ake gina ta, zarra suna cusuwa cikin juna da ƙarfi, sai yanar ta kasance a takure, kamar fatar ganga da aka ɗaure fiye da kima. Da ta ƙara kauri sai ta tsage ko ta ɓamɓare daga abin da aka shimfiɗa ta a kai. Ƙwayoyin ƙarfe suna sassauta wannan takura, su sa yanar ta fi kama jiki. Haka kuma suna buɗe wa lantarki hanya. Idan ƙarfen kaɗan ne, ƙwayoyin suna nesa da juna, lantarki ba ya wucewa sosai. Idan aka ƙara shi har suka fara taɓa juna, sai ya wuce kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsun da aka jera.

Shi ma ƙarfen yana cin moriyar kabon. Ƙananan ƙwayoyin ƙarfe idan aka bar su a fili suna saurin yin tsatsa, suna kuma dunƙulewa su koma manya. Kabon yana raba su, ya kare su daga iska. Dalilin wannan saurin lalacewa lissafi ne mai sauƙi. A ɗauki dunƙule mai fuska shida, kamar ƙwayar sukari ta kwali, wanda kowane gefensa zarra 10 ne. Jimillar zarrarsa 1,000 ke nan, kuma 512 ne kawai ke ɓoye a ciki, sauran 488 suna fili. Girman wannan dunƙule bai wuce nanomita 3 ba. In kuwa gefen ya zama zarra 100, waɗanda ke fili ba su wuce kashi 6 cikin 100 ba. Ke nan a ƙaramar ƙwaya kusan rabin jikinta fata ne, kuma a fata ne ake yin duk wata hulɗa da iska da haske da sauran sinadarai.

Ƙarafa sun kasu uku dangane da yadda suke zama da kabon. Kashi na farko, irin su titaniyam da tangistin da kuromiyam, suna haɗuwa da shi su haifi wani sinadari mai tauri da ake kira kabayid. Kashi na biyu, wato azurfa da zinariya da jan ƙarfe, ba sa haɗuwa da shi, sai su ware su taru a matsayin ƙarfe zalla. Kashi na uku, wato nikel da kobalt da baƙin ƙarfe, suna sa kabon da ke kusa da su ya jeru falle-falle ya lulluɓe su kamar ɓawon albasa, musamman idan akwai zafi.

6.0 Hanyoyin Gina Yanar

Masana kan ce "gina" yana ko "renon" ta, domin zarra bayan zarra ake tara ta, ba shafa ta ake yi gaba ɗaya ba. Kafin komai sai an wanke abin da za a shimfiɗa ta a kai, wanda za mu kira "mazauni". Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana ta kamawa. Sau da yawa kuma akan fara sa wata 'yar yana ta kuromiyam ko titaniyam ko silikon a ƙasa, ta zama kamar ƙaro tsakanin mazauni da kabon.

6.1 Hanyar Tartsatsi

Ana sa mazauni a cikin wata tukunyar ƙarfe mai murfi, a zuƙe iskar ciki da famfo har abin da ya saura ya kai kusan kashi ɗaya cikin biliyan na iskar da muke shaƙa. Daga nan a saki iskar agon kaɗan, domin ita ba ta haɗuwa da komai. A cikin tukunyar akwai faifai biyu, ɗaya na girafait, ɗaya na ƙarfen da ake so. Idan aka ba su lantarki na ɗaruruwan bolt, sai iskar ta kama haske, ta koma abin da ake kira filasma, wato iskar da zarrarta ke ɗauke da cajin lantarki. Waɗannan zarra sukan faɗa wa faifan da ƙarfi, su ɓallo zarrar kabon da ta ƙarfe, kamar yadda tartsatsi ke tashi idan maƙeri ya doki jan ƙarfe a bisa uwar maƙera. Abin da ya fallatsu shi ke sauka a kan mazauni. Akan sa maganaɗisu a bayan faifai domin ya tsare filasma kusa da shi, aikin ya yi sauri.

6.2 Hanyar Farfasa Iskar Gas

A nan ba daga faifai kabon ke fitowa ba, daga gas yake fitowa. Akan yi amfani da mitan, wanda shi ne mafi yawa a cikin gas ɗin da Aljeriya ke haƙowa a Hassi R'Mel, ko kuma asetilin, wato gas ɗin da masu walda ke samu idan sun zuba wa kabayid ruwa. Filasma tana farfasa gas ɗin, gutsattsarinsa su manne a kan mazauni, shi kuma ƙarfe ya zo ta hanyar tartsatsi a lokaci guda. Yanar da aka samu ta haka tana ɗauke da haidirojin a cikinta.

6.3 Hanyar Laza

Akan harba hasken laza mai ƙarfi a kan faifai, bugu-bugu, kowane bugu bai kai ƙiftawar ido ba. Wurin da ya taɓa yakan ƙone ya tashi kamar harshen wuta, ya sauka a kan mazaunin da ke fuskantarsa. Idan aka riƙa juya faifan kabon da na ƙarfe a gaban hasken, sai a sami cakuɗar da ake so. A Aljeriya, cibiyar bunƙasa fasahar zamani da aka fi sani da CDTA, wadda ke Baba Hassen kusa da Aljas, ta daɗe tana nazarin filasmar kabon da yanar da ake ginawa da laza.

6.4 Hanyar Kwaɓi da Gashi

Wannan ce mafi araha, domin ba ta bukatar tukunyar da aka zuƙe wa iska. Ana narka gishirin ƙarfe a cikin ruwa ko barasar gwaji tare da wani abu mai kabon, kamar sukari. A ɗiga kwaɓin a kan mazauni, a juya shi da gudu har ya baje. Sannan a gasa shi a zafin ɗaruruwan digiri a cikin iskar naitirojin, domin kada ya ci wuta. Sukarin sai ya ƙone ya bar kabon, kamar yadda itace ke zama gawayi idan aka rufe shi da ƙasa. Shi kuma kabon ya ƙwace oksijin daga gishirin, ya bar ƙwayoyin ƙarfe.

6.5 Abubuwan da Mai Gini ke Juyawa

A dukkan hanyoyin nan akwai abubuwa huɗu da ke hannun mai aiki. Tsawon lokaci shi ke yanke kaurin yana. Ƙarfin lantarkin da aka ba kowane faifai, ko yawan abin da aka zuba a kwaɓi, shi ke yanke yawan ƙarfe. Zafin mazauni shi ke yanke girman ƙwayoyi, domin da zafi zarrar ƙarfe ke samun damar yawo ta tarar da 'yan'uwanta. Ƙarfin da zarra ke faɗowa da shi kuma shi ke yanke taurin kabon. Matsalar ita ce idan an gyara ɗaya sai wani ya goce. Alal misali, ƙara ƙarfe yana rage takura, amma idan ya wuce kima yana rage tauri da santsi.

7.0 Yadda Ake Tantance Abin da Aka Gina

Tun da ido ba ya ganin ƙwayoyin, sai da na'urori. Madubin lantarki yana nuna girmansu da yadda suka bazu. Hasken ekis-re yana nuna ko ƙarfen zalla ne ko ya koma kabayid. Akwai kuma gwajin da ya samo sunansa daga C. V. Raman na Indiya, wanda ya gano tushensa a 1928: a haska yana da laza, a duba yadda launin hasken da ya dawo ya ɗan sauya, daga nan a gane tsarin riƙon kabon. Gwajin ƙarshe shi ne na karta, inda ake jan tsinin daimon a kan yana ana ƙara masa nauyi har sai ta ɓamɓare.

A nan akwai kwatance daga gida. Turkuɗin da ake rinawa a Kura ta ƙasar Kano, wanda Abzinawa ke naɗawa, yana samun ƙyallinsa ne daga shunin da mabuga ke bugawa a jikin ƙyalle. Wannan shuni yana zuba a fatar mai naɗi, kuma a wajen masu shi wannan ba aibi ba ne. A wajen mai gina yanar kabon kuwa, shafen da ke zuba ya faɗi jarrabawa.

8.0 Kama Zafin Rana

Yanzu sai mu koma ga tambayar gabatarwa. Kowa ya san baƙin abu ya fi ɗaukar zafi a rana, don haka mai son ɗumama ruwa zai iya shafa wa farantin ƙarfe baƙin fenti, ya bi da bututu a bayansa. Amma duk abin da ya yi zafi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, irin hucin da ake ji daga garwashi, kuma baƙin fenti gwani ne wajen fitar da shi kamar yadda yake gwani wajen sha.

Ga lissafin. Da tsakar rana mai haske, kowace murabba'in mita tana karɓar kusan wat 1,000. Faranti mai baƙin fenti yana shan kusan kashi 95 cikin 100. To amma idan ya kai digiri 100, alhali kewayensa na digiri 20, zai riƙa zubar da kimanin wat 600 ta hanyar hucin nan kaɗai, ban da abin da iska ke kwashewa. Ya zama kamar mai ɗibar ruwa da ƙwarya mai huji.

A 1955 Harry Tabor ya bayyana mafita, wato fuska mai zaɓe. Hasken rana gajeren zango gare shi, daga kusan nanomita 300 zuwa 2,500. Hucin faranti mai digiri 100 kuwa dogon zango gare shi, ya fi yawa a wajajen nanomita 8,000. Idan aka shimfiɗa yana mai kaurin nanomita 100 ko 200 a kan jan ƙarfe ko alminiyam mai ƙyalli, kuma aka cika ta da ƙwayoyin ƙarfe, to ƙwayoyin da kabon za su shanye gajeren zango. Shi kuwa dogon zango, yanar ta yi masa siranta, sai ya zama kamar babu ita, abin da ke aiki shi ne ƙarfe mai ƙyalli da ke ƙasa, wanda ba ya fitar da huci sosai. Kyakkyawar fuska mai zaɓe tana shan kashi 90 zuwa 95 na rana, amma hucinta bai wuce kashi 10 cikin 100 na iyakar abin da baƙin abu ke fitarwa ba. A misalinmu na sama, asarar za ta sauko daga wat 600 zuwa kusan 70.

An gwada wannan da yanar kabon kai tsaye. A Jami'ar Basel ta Suwizalan, ƙungiyar Peter Oelhafen ta gina irin waɗannan fuskoki a shekarun 1990 zuwa 2000 da kabon mai ɗauke da tangistin da kuromiyam da titaniyam. A Afirka kuma, Gift Katumba na Jami'ar Zimbabwe, tare da masana na Jami'ar Uppsala ta Suwidin, ya bi hanyar kwaɓi da gashi a shekarun 2000, sai dai shi ya juya tsarin ne, ya dasa ƙwayoyin kabon a cikin wasu sinadarai. A Aljeriya ita kanta, tashar Hassi R'Mel da aka buɗe a 2011, mai ƙarfin megawat 150, tana samun wani kaso na ƙarfinta daga madubai masu tara rana a kan bututu. Bututun suna da fuska mai zaɓe ta ƙwayoyin ƙarfe a cikin tangaran, domin zafinsu yana kusantar digiri 400. Ɗalibi ya kiyaye: wannan dabara ta kama zafi ce, daban take da faifan sola mai ba da lantarki irin na tashar Tamanrasat.

Ga mazaunin gari irin Tamanrasat ko Agadas, bambancin fenti da fuska mai zaɓe ya fi fitowa ne da hunturu, lokacin da rana ke da haske amma iska na da sanyi. A lokacin ne aka fi bukatar ruwan zafi a gida da asibiti, kuma duk tulun da rana ta ɗumama ragi ne ga itace ko gas.

9.0 Sauran Wuraren Amfani

Yanar kabon ta riga ta shiga kayan yau da kullum. Rezar Mach3 da kamfanin Gillette ya fitar a 1998 tana da ita a bakinta. Faifan ajiya na kwamfuta yana da yanar kabon mai kaurin nanomita 2 zuwa 3 da ke kare shi daga gogayya. A sabbin faifan da ake rubutu a kansu da taimakon zafin laza, waɗanda kamfanin Seagate ya fara fitar da masu cin terabait 30 a 2024, ƙwayoyin baƙin ƙarfe da filatinam ne ke riƙe bayanai, kuma kabon na cikin abubuwan da ake raba ƙwayoyin da su. A injin mota da na masana'antu ana shafa wa giya da sassan famfon dizal kabon mai tangistin domin rage ci. Masu bincike kuma suna gwada kabon mai azurfa a kan kayan asibiti, saboda azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta.

10.0 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce kabon makamashi ne. Idan ya yi zafi na ɗaruruwan digiri a cikin iska, oksijin yakan cinye shi sannu a hankali. Don haka ya fi dacewa da ɗumama ruwan gida, ko kuma a rufe shi cikin gilashin da aka zuƙe wa iska. Ta biyu, wasu ƙarafa, musamman azurfa, sukan yi ƙaura su fito saman yana su dunƙule. Ta uku, kayan aikin suna da tsada, suna kuma bukatar lantarki marar yankewa da gas mai tsabta da ƙwararrun masu gyara. Abin da ya yi kyau a kan ɗan guntun gilashi a ɗakin gwaji ba lallai ne ya yi daidai a kan faranti mai faɗin mita biyu ba. Ta huɗu ita ce Sahara da kanta: ƙura tana rufe gilashin da ke kare faranti, yashi yana kankare shi, sannan zafin rana da sanyin dare suna sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke kullum, wanda hakan ke gwada ƙarfin riƙon yana. Shi ya sa sakamakon ɗakin gwaji ba ya wadatarwa, sai an shanya abin a fili shekara da shekaru an gani.

11.0 Kammalawa

A wannan takarda an ga cewa yanar kabon mai ƙwayoyin ƙarfe haɗin gwiwa ce: kabon yana riƙe ƙarfe ya kare shi, ƙarfe kuma yana sassauta kabon ya sauya yadda yake hulɗa da lantarki da haske. An bayyana hanyoyi huɗu na gina ta, da yadda take iya shan hasken rana ta hana zafi tserewa, wanda shi ne abin da gari irin Tamanrasat ya fi bukata daga gare ta. Ta fuskar harshe kuma, an ga cewa kalmomi irin su yana da tartsatsi da mazauni da huci da zango sun ɗauki bayanin, aro bai zama dole ba sai a sunayen sinadarai da na ma'auni. Waɗannan kalmomi shawara ce, karɓuwarsu tana hannun masu amfani da harshen.

Tambayoyi

1. Kawo ma'anoni uku na kalmar "yana" kamar yadda suka zo a sashe na 2.1, ka sa kowace a cikin jimla.
2. Fitar da kalmomin aro guda goma daga takardar, ka nuna yadda aka daidaita kowace da tsarin gaɓar Hausa.
3. Bayyana da kalmominka dalilin da ya sa baƙin fenti bai kai fuska mai zaɓe riƙe zafi ba.
4. Wace kalma za ka zaɓa a madadin "mazauni"? Kare zaɓinka a cikin sakin layi ɗaya.
5. Ziyarci maƙeri ko marini ko mai walda, ka tattaro kalmomi goma na sana'arsa waɗanda za a iya faɗaɗa ma'anarsu domin bayanin kimiyya.